Jinin Inna, Poropur

Yayanmu ya yi shekara goma sha ɗaya yana bida, wato neman kuɗi, a Abijan. Ya dawo Allakaye da akwati biyu, da sanƙo, da Faransanci. Akwatunan tuni gara ta gama da su. Sanƙon yana nan yana ta faɗaɗa gonarsa a ƙarƙashin hula. Faransancin kuwa shi ne ya kusa raba ni da uwata, ni da nake cin abinci da koyar da Faransanci a lekol, makarantar boko, a Madawa, har kowa ke kirana Mushe, wato malam.

Na ce uwata, amma ba Inna ce ta haife ni ba. Mahaifiyata maƙwabciyarta ce, darni ɗaya ya raba gidajen, kuma ta rasu ina da kwana tara a duniya. A lokacin Inna tana goyon ɗanta na biyu, ɗan wata biyu. An ce ta ƙetara darnin ta ɗauko ni, ta ba shi nonon dama ta ba ni na hagu, ba ta yi shawara da kowa ba. Mahaifina makiyayi ne. Ya bi shanunsa arewa, ya dawo ya gan ni sau biyu, kafin na uku aka kawo labarin rasuwarsa. Haka na tashi a gidan Inna, na huɗu a cikin ƴaƴa uku: Yaya, da na tsakiya wanda muka sha nono tare, da autarmu mace da ke aure a Buza. Muciyar da ta daki bayansu ita ta daki nawa.

Na tsakiya har yau siriri ne kamar karan dawa, ni kuwa Allah ya yi mini jiki. Duk Allakaye an san dalili, don shi da bakinsa yake shelarsa a wajen suna da wajen biki: wai ina gama na hagu sai in zagayo na dama.

Inna ba ta taɓa yabona ba. Ranar da na ci jarrabawar shiga kolej na shigo da gudu na faɗa mata, ta ce, "To, madalla. Tulu babu ruwa." Ɗan maƙwabta kuwa ko akuya ya ɗaure daidai sai ta sa masa albarka har jikokinsa. Na san al'ada, uwa ba ta yabon nata. Amma akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ban san a wane layi nake ba. Don ni nata ne ba ta yabona, ko don ni ba nata ba ne ba ta ga abin yabo ba? Na girma, na yi aure, furfura ta fara leƙo mini, tambayar nan tana nan kamar tsakuwa a cikin takalmi.

Sai gwiwar Inna ta dama ta gaza. Wanda ya san duwatsun Adar ba zai yi mamaki ba. Shekara sittin tana hawa da sauka da itace a ka, ko tulu, ko damin gero. Gwiwar ta kumbura, in za ta miƙe sai ka ji tana ƙara kamar ƙyauren kwano. Wanzami ya yi mata ƙaho har wurin ya ƙoshi da zane. An shafa man shanu da citta. Ta sha ƙwayoyin ƴan tebur, ja da rawaya, har cikinta ya fara kuka shi ma. Daga ƙarshe sujada ta gagara, aka kife mata turmi take sallah a kai, tana yi tana hararar turmin.

Ni na ji labarin wani lokotoro, likitan ƙashi. Ɗan yankinmu ne, a Yamai yake aiki, amma duk ƙarshen wata yana zuwa wani ƙaramin gidan likita a Madawa ya duba masu ciwon gaɓɓai. Ni na karɓo mata rana. Ana saura kwana biyu aka tura ni Tawa gyaran takardun jarrabawa, sai Yaya ya ce shi zai kai ta, ai ba yau ya fara magana da manyan mutane ba. Ya kai ta, ya mayar da ita gida, ya aika kowa ya hallara ranar Asabar.

Na isa a kan moto, babur ɗina, da hantsi, na tarar an shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar bedi. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta, ƙafa a miƙe, tana tsinkar zogale a faifai. Yaya ya gyara hula, ya gyara murya.

"Lokotoro ya duba hoton ƙashi," ya ce. "Guiwa ta cinye. Amma akwai magani sabo, ko Abijan bai daɗe da zuwa ba. Jini za a ɗiba, a sa cikin wani inji, a zuba mata cikin guiwa. Kuma ba kowane jini ba. Da bakinai yac ce mani: jininta, poropur."

"Mi na poropur?" in ji na tsakiya.

"Tsantsa. Wanda babu gauraye. Mu da munka hito cikinta, da ɗiyanmu."

Babu wanda ya ga abin mamaki a nan. Kowa ya san in gidan likita ya ambaci jini, dangi ake nema su miƙa hannu. Kuma a bakinmu in an ce jinin mutum, ai ƴaƴansa ake nufi. Sai Yaya ya juyo wajena da fuskar mai yin alheri.

"Mushe, kai ka huta. Ba don komi ba, ka gane, maganal lokotoro ta. Amma gidanka za mu sabka."

Shekara arba'in da biyar babu wanda ya taɓa faɗin maganar nan a fili, sai ga ta ta fito da hantsi, a gaban yara, tana sanye da farar rigar lokotoro. Na juya na fuskanci Yaya. Na ce masa ba da dangantaka ake ba da jini ba, rukuni-rukuni ne, baƙo daga Agadas ma zai iya dacewa ɗan ciki ya kasa. Na ce kuma ni ban taɓa jin an yi wa gwiwa ƙarin jini ba.

"Kai lokotoro na ko mushe?" ya ce. "Da kai anka yi magana?"

Na dubi Inna. Ta ji komai, don kunnenta yana jin faɗuwar allura a gidan maƙwabta. Ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da tsinkar zogalenta, ganye nan, kara can. Maganar Yaya ta yi mini ciwo, amma shirun Inna shi ya hana ni cin abincin rana. Na ce ina da aiki, na hau moto. Har na wuce Buza ban san na wuce ba.

Wata guda ne tsakani kafin ranar da lokotoro ya ce a koma, kuma autarmu ce ke kawo mini rahoto ta salula, tana yi tana dariya. Yaya ya kama cin hanta kullum safiya, har mahaucin garin ya fara yi masa alkawarinta tun dabba tana tsaye. Da yamma a dama masa tumatirin gwangwani da madara, wai yana ƙara jini, ya toshe hanci ya shanye. Amma duk da wannan tanadi, ra'ayinsa shi ne a fara ɗiba daga ƙasa, don jinin babba ya tsufa, bai kamata a zuba tsohon abu a cikin tsohuwar gwiwa ba. Na tsakiya kuwa ya tuna yana da jiri tun yana yaro. Ya ce shi ko an matse shi kamar lemun tsami ba a samun cokali, duk Mushe ya shanye tun suna jinjirai. Aka bi manyan jikoki gida-gida ana gwale musu ido, wanda cikin idonsa ya yi ja a sa shi a layi. Kawu, ƙanen Inna, tsoho ne da ba ya ji sosai, shi ma ya ce da shi za a je, don ya ji ana ba masu ba da jini burodi da sardin.

Ni kuma fa? Gidan likitan nan yana kan hanyata ta zuwa lekol. Sau biyu a rana nake wuce ƙofarsa. Da na tsaya minti biyar na yi tambaya, da an huta. Mai ɗakina ta faɗa mini haka har ta gaji. Na ce ba ruwana, masu jini su ji da jininsu. Gaskiyar ita ce fushin ya yi mini daɗi, na rungume shi ina lallashi. Kuma tun da na ce zan faɗi gaskiya, ni ma na ci hanta. A ɓoye, bayan tasha, tsinke uku-uku. Na ƙudurta ranar in duk suka noƙe zan naɗe hannun riga in miƙa, a ɗiba har sai na faɗi, Inna ta gani da idonta.

Ana gobe za a je, da la'asar, motar kasuwa ta tsaya a ƙofar gidana ta fara amayar da jinin Inna. Mutum goma sha huɗu, ban da goyo. Ban isa in ba da jini ba, amma na isa in ba da tuwo. Yaya ya leƙa tukunya ya ce wa mai ɗakina a ƙara nama, ai ta san abin da ke gabansu gobe. Ta dube ni, na dubi sama. Inna da aka shigo da ita, abin da ta ce mini kawai shi ne gidana da sauro.

Da safe muka ɗunguma. Inna a kan kabu-kabu a gaba, sauran a ƙasa a bayanta kamar masu rakiyar amarya, sai dai babu mai guɗa. Ni ina can ƙarshe, hannu a aljihu, ina nuna wa duniya rakiya kawai na zo. Ma'aikaciyar jinya da ke bakin ƙofa ta miƙe tsaye da ta gan mu.

"Subhanallahi! Mota ta hwaɗi?"

"Jini munka kawo," in ji Yaya.

Lokotoron ya fito. Yaro ne a kan yadda na zata, da tabarau. Ya durƙusa ya gai da Inna da Hausar da ta fi tamu Adaranci, sannan ya dubi taron ya tambayi wa da wa ke ciwo. Yaya ya matsa gaba ya buɗe Faransancinsa. Lokotoro ya saurara, ya sake saurara, ya ce don Allah a maimaita da Hausa. Da ya gane, sai ya cire tabarau ya dafa bango. Ya yi ƙoƙarin riƙe dariyar don girman gemun Yaya, ta fi ƙarfinsa.

A nan na ji yadda aka yi. Ranar farko lokotoro da Hausa ya fara, Yaya ya amsa da Faransanci. Ya sake da Hausa, Yaya ya sake da Faransanci, har bawan Allah ya haƙura ya bi shi. Inna kuma tana ɗakin hoton ƙashi a lokacin. Abin da ya ce shi ne za a yi mata magani da "son propre sang". Kalmar nan "propre" ƴar duniya ce. In ta zo gaban suna, ma'anarta na kansa. In ta koma baya, ma'anarta mai tsabta. Ɗan aji huɗu ya san wannan, ni nake koya masa. Yaya ya ɗauki ma'ana biyun ya haɗa a ƙulli ɗaya, ya ɗora ma'anar jini ta gida a kai, ya kawo mana. Ni kuma da tambaya ɗaya ta ishe ni in warware, gaba ta zo ko baya, na tsaya cin hanta a bayan tasha.

"Baba, jininta nic ce," in ji lokotoro yana share ido. "Nata na kanta, wanda ag ga jijiyatta yanzu. Shi za mu ɗiba, mu gyara, mu maida mata. Ba mu son na kowa."

"Ai abin da nic ce ke nan," in ji Yaya. Da ya ga babu mai taya shi, sai ya ƙara da cewa Faransancin Yamai daban yake da na Abijan.

Na tsakiya ya zauna daɓas a ƙasa yana hamdala. Jikoki suka fara washe baki. Kawu ya tambaya ko an fara rabon sardin. Inna ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ikon Allah," ta ce. "Duk garken ga da niy yi kiwo, ranad da guiwata tam mutu, ni za ni ba kaina."

Na yi dariya tare da kowa, har na fi kowa, don ramuwa. Amma dariyar ba ta kai ciki ba. An gyara Faransanci, ba a gyara maganar gindin bedi ba. Da a ce da gaske ne ana son jinin ƴaƴa, an riga an nuna mini wurin zamana, kuma Inna tana zaune aka nuna.

Aka shiga da ita. Mu huɗu muka bi, sauran suka cika taga. Ma'aikaciyar ta ɗaure mata damtse ta ɗebi jini a ƴan kwalabe sirara kamar yatsa. Duka bai fi cikin kofin shayi ba. Yaya, wanda ya yi wata guda yana shirin cika jarka, ya tambaya ko shi ke nan. Aka ce shi ke nan. Lokotoro ya jera kwalaben a cikin wata na'ura mai kama da ƙaramar tukunya, ya rufe murfi ya danna. Ta fara gurnani a kan tebur.

"Mi taka yi?" in ji Inna.

"Juya shi taka yi da ƙarhi, Inna, har shi rabu. Mai nauyi shi kwanta ƙasa, marar nauyi shi taso sama."

"Kaɗawa dai. Awa nono cikin gora."

"Shi ke nan, kin gama karatun."

Ya yi mana bayani tana juyawa. Ya ce a cikin jini akwai wasu ƴan ƙwayoyi da ido ba ya gani, plaket sunansu. Su ne ke rugawa su toshe wuri in ka yanke, kuma su ne ke kiran jiki ya zo ya yi gyara. In an kaɗa jini sai a same su a tattare a cikin ruwan da ya taso, a zuƙe shi a kai inda ake son gyaran. Ya ce ana yi wa gwiwar da ta ci, da jijiyar ɗan kokawa ko ɗan ƙwallo da ta yi rauni ta ƙi komawa daidai, da gyambon da ya ƙi warkewa, har ma da kan da gashi ke gudu. Da ya zo nan na ga hannun Yaya ya tafi wajen hula, ya gyara ta alhali ba ta karkace ba.

"Amma Inna, kada in yi miki ƙarya," in ji lokotoro. "Ba sabuwag guiwa za ni ba ki ba. Abin da yac ci ya ci. Wasu suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan, wasu ba su jin komi. Sau uku za ki zaka. Kuma ƙwayoyin ga na ƴan tebur ki aje su, suna ɓata muna aiki."

"Wanda yac ce ba shi da tabbas, shi nika yarda da shi," in ji Inna. "Wanzami rantsuwa yay yi."

Na'urar ta yi shiru. Ya ciro kwalba ɗaya ya ɗaga ta saitin taga, sai da ya sa jikoki suka kau da kawunansu haske ya shigo. Ban taɓa ganin haka ba. Jan ya kwanta a ƙasa, baƙi-baƙi. A samansa ga wani ruwa rawaya-rawaya, kamar ba daga jikin mutum ya fito ba. Inna ta ce a matso mata da shi. Ta daɗe tana kallo, tana karkatar da kai.

"Wanga awa dakashi," ta ce, tana nufin nonon farko mai rawaya da ke fitowa in an haihu. Ta ɗago kai ta dube shi. Sannan ta ce, "Lokotoro, in tambaye ka. Nonon mace, daga ina shika hitowa?"

"Daga jini jiki ka tace shi, Inna. Abin da ag ga jini, shi jiki ka ɗiba shi yi nono."

"To," ta ce.

Ya zuƙe ruwan a sirinji, ya wanke gwiwar da wani magani mai launin ƙasa, ya ce kowa ya fita, ɗa guda ya tsaya ya riƙe mata ƙafa don kada ta motsa. Yaya ya fara naɗe hannun babbar riga. Ni na riga na juya, har na kai ƙofa.

Inna ba ta magana da Yaya kai tsaye. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Don haka bango ta kalla.

"A ce ma wancan shi hita shi sha iska, hanta ta yi mai yawa. Wanga mai hushi shi dawo." Na tsaya cak. Ta ci gaba da yi wa bango magana. "Kun ji lokotoro da kunnenku. Shekara biyu yay yi shina shan wanda anka kaɗa. In poropur aka bida, ga shi nan tsaye awa turke."

"Ni shaida na!" na tsakiya ya ɗaga murya daga bakin ƙofa. "Da nashi da nawa duk yash shanye!"

Masu taga suka fashe da dariya. Yaya ya sauke hannun riga ya fita da mutuncinsa, ko abin da ya saura a ciki.

Na durƙusa na riƙe ƙafar. Busasshiya ce, ba ta da nauyi, diddige duk faso. Ban tuna ranar da na taɓa ta ba tun ina yaro. Na so in yi wata magana ta ilimi, irin ta mushe, sai kawai na ji fuskata ta jiƙe. Ni da furfurata, ina kuka a gaban yaron da na girme wa.

"Kai, ɗan banza," in ji Inna, "kau da kanka. Kana ɗiga ma bawan Allah inda yaw wanke."

Gaskiyarta. Sai da lokotoro ya sake wanke wurin. Allurar doguwa ce, da ta shiga ni na rintse ido, ita ko uffan. Ta dai damƙe mini kunne, na hagu, wanda ta saba.

Aka ce ta kwanta ta huta kaɗan kafin ta taka. Lokotoro ya fita, na hango Yaya ya bi bayansa yana magana ƙasa-ƙasa, da Hausa wannan karon. Muka rage mu biyu. Na tattara ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya ci ni wata guda: me ya sa ranar nan a gindin bedi ba ta ce komai ba.

"In ce mi?" ta ce. "Baƙo aka tare ma hwaɗa. Ɗan gida in ɗan'uwanai yat taka shi, shi rama ko shi haƙura. Da nit tashi nik kare ka gaban mutane, da ran nan nim maishe ka baƙo."

"To yau fa, Inna?"

"Yau na ga in ba a hwaɗa maka ba, har in mutu ba ka ganewa. Shekara arba'in da biyar ina zaginka sahe da marece. Ɗan wa nika zagi haka? Kuma wai kai ka koya ma ɗiyan mutane karatu." Ta juya fuska bango. "Miƙo mani takalmana."

Na miƙo mata.

Ta je sau ukun, ni nake kai ta. Gwiwar ba ta zama sabuwa ba, kamar yadda aka faɗa mata. Amma kumburin ya sauka, kuma kafin kaka ta koma sallah a tabarma, ko da yake in za ta tashi sai ta dafa bango ta yi wa duwatsun Adar addu'ar da ba zan rubuta ba. Turmi ya koma aikinsa. Yaya bai taɓa ba ni haƙuri ba, ba a haife shi da wannan jijiyar ba. Sai dai bayan wata biyu ya kira ni ya ce in raka shi wajen lokotoro, akwai wata ƴar magana game da kansa. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi wane ne wannan da zai shiga tare da shi. Ya ce, "Ƙanena na." Sannan ya ƙara, "Poropur." Hular dai har yau ba ta sauka ba.

Duk shekara in muka zo darasin kalmar nan, nakan rubuta misali biyu a allo. Na baya, riga mai tsabta. Na gaba, "ma propre mère", in sa yara su fassara. Kullum akwai mai cewa uwata mai tsabta, a yi dariya, in gyara masa: uwata ta kaina. Daga nan nakan juya in goge allo, in daɗe ina gogewa.